Wane katin girafik ya dace da tsohuwar kwamfutar gem: RX 6600, RTX 3060, RTX 4060 ko wani daban?

Kwamfutar gem da aka haɗa tsakanin 2016 da 2018 kusan kamanninta ɗaya ne a ko'ina. Furosesa Core i5-6500 ko i5-7400, ko Ryzen 5 1600 ga wanda ya bi AMD, RAM giga 8 ko 16, sai katin girafik GTX 1050 Ti, GTX 1060 ko RX 580. Irin wannan inji ya yi zamaninsa, har gobe ma yana ɗaukar GTA V da eFootball da Valorant ba tare da ya yi gumi ba. Sai an ɗora masa sabbin wasanni ake ganin tsufansa: hoto ya riƙa tsinkewa, fanka ta riƙa kuka, wani wasan ma ya ƙi buɗewa sam. Daga nan mai kwamfuta ke fara leƙen farashin kati.

Dalilin ƙin buɗewar bai tsaya ga rashin ƙarfi kawai ba. Wasu wasannin yanzu suna neman fasahohin da tsofaffin katunan ba su da su ko kaɗan. Indiana Jones and the Great Circle da ya fito a Disambar 2024, da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025, dukansu ba sa tashi sai da katin da ke iya bin sawun haske da kansa, abin da 'yan gem ke kira re-tiresin. GTX 1060 ba ya yi, RX 580 ba ya yi. Mafi ƙarancin katin da masu waɗannan wasanni biyu suka rubuta shi ne RTX 2060 Super ko RX 6600, kowanne mai giga 8. Ga kuma batun direba, wato manhajar da ke sa kati ya yi aiki a kwamfuta. Nvidia ta daina fitar da direbobin sabbin wasanni ga jerin GTX 900 da GTX 10 a Oktoban 2025, saura gyaran tsaro kawai da ta ce zai ci gaba zuwa 2028. AMD kuwa tun 2023 ta rage kula da RX 580 da 'yan uwansa. Saboda haka wanda ya ce lokacin canji ya yi, bai yi ƙarya ba.

Inda nake rabuwa da yawancin masu ba da shawara shi ne wurin farawa. Su kan tambaye ka nawa ne a aljihunka, sai su nuna maka kati mafi ƙarfi da kuɗin zai saya. A tsohuwar kwamfuta, injin ne ke fara zaɓe, aljihu ya biyo baya. Fawa-fak ɗinta mai ba injin wuta, ramin PCIe na madabod ɗinta inda ake soka katin, da furosesarta sukan kori rabin katunan kasuwa tun kafin a zo maganar farashi.

Ka fara da buɗe murfin akwatin

Ka kwance murfin gefe, ka haska fitilar waya a jikin fawa-fak. Akwai takarda manne da ita mai ɗauke da jadawali. Kada babban lambar da aka buga da manyan haruffa ta ɗauke maka hankali, ka nemi layin da aka rubuta +12V, domin daga nan kati da furosesa ke shan wuta. Idan ka ga 18A a ƙarƙashinsa, ka ninka 12 sau 18, wat 216 ke nan, ko da an rubuta 500W a kwali. Fawa-fak marasa suna da ke zuwa haɗe da akwati mai araha sun shahara da wannan wayo. Sannan ka duba wayoyin da ke fitowa daga cikinta: akwai mai kai shida ko takwas da aka rubuta PCI-E a jiki? Ramin madabod yana ba da wat 75 ne kawai. Waya mai fil shida tana ƙara 75, mai fil takwas tana ƙara 150.

Idan babu irin wannan waya, wani zai ce maka ka sayi ɗan adafta mai ɗauko wuta daga wayar SATA. Kada ka yarda. Kan SATA wat hamsin da 'yan kai aka yi shi ya ɗauka a layin 12V, kai kuma za ka sa kati ya ja ninki biyu ko uku ta cikinsa. Roba ce za ta narke, in an yi sa'a a nan abin zai tsaya.

Wannan ya fi shafar masu kwamfutocin ofis na tokumbo, irin Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda da yawa daga cikinmu da su muka fara. Fawa-fak ɗinsu ƙarama ce, galibi ba ta kai wat 300 ba, ba ta da wayar kati, kuma sau da yawa kan wayarta na kamfanin ne shi kaɗai, ba za ka cire ka sa ta kasuwa kai tsaye ba. Mai irin wannan inji zaɓinsa ya taƙaita ga katin da ramin madabod kaɗai ke ciyarwa. A wannan rukuni RTX 3050 mai giga 6, wanda ya fito a Fabrairun 2024, shi ne kan gaba: wat 70 yake ci, ba ya neman waya, ana samunsa gajere don sirirarin akwatuna, yana da DLSS, fasahar Nvidia mai ƙara wa wasa gudu. Sai dai a san abin da ake saya. Bai kai RTX 3050 mai giga 8 ba duk da sunansu ɗaya, kuma RX 6600 ya bar shi nesa ba kusa ba. Daga GTX 1050 Ti ko GTX 750 Ti ci gaba ne a fili. Daga GTX 1060 mai giga 6 kuwa kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Ramin PCIe da ma'adanar kati, wurin da aka fi yin asara

Duk madabod na wancan zamani PCIe 3.0 ne. Sabon kati na PCIe 4.0 ko 5.0 zai shiga ramin ya yi aiki, sai dai zai sauko zuwa gudun 3.0. Wannan kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne idan katin yana amfani da layuka 16 duka, domin hakan yana ba da kusan giga 16 a daƙiƙa. Abin da ya canza shi ne kamfanoni sun fara rage layukan ƙananan katuna don rage kuɗi. RX 6600, RX 7600, RTX 4060, RTX 5060 da Arc B580 duk layuka 8 gare su. A tsohon madabod wannan kusan giga 8 ne a daƙiƙa. RX 6500 XT da RX 6400 layuka 4 kacal, wato kusan giga 4.

Yaushe wannan ke ciwo? Lokacin da ma'adanar katin, wato VRAM, ta cika. Ka ɗauki mai shago da kantarsa: muddin kayan da ake nema suna kan kanta, ciniki na tafiya. Da zarar kanta ta cika an kai sauran kaya sito, kowane mai saye sai an ruga an ɗauko masa, kuma faɗin lungun da ke tsakanin shago da sito shi zai nuna tsawon jiran. VRAM ce kanta, RAM ɗin kwamfuta ne sito, PCIe ne lungu. Kati mai ƙaramar ma'adana da ƙananan layuka a kan PCIe 3.0 ya haɗa matsala biyu a wuri ɗaya, kuma abin da za ka gani a allo shi ne wasa yana gudu lafiya, ka juya kyamara, hoto ya ƙame na ɗan lokaci, ya sake, ya sake ƙamewa.

Shi ya sa RX 6500 XT ya fita daga lissafi tun yanzu. Ya fito a Janairun 2022 a kan dala 199, giga 4 gare shi, layuka 4, kuma ba shi da sashen naɗar bidiyo na H.264, don haka mai son ɗaukar wasansa ya ɗora a YouTube ma bai huta ba. A PCIe 3.0 akwai wasannin da tsohon RX 580 mai giga 8 ke kayar da shi. Ko da ka gan shi sabo fil a kwali da farashi mai daɗi, araha ba ta ado.

Furosesa kuma fa?

Akwai gwaji na kyauta da ya kamata kowa ya yi kafin ya fitar da ko sisi. Ka buɗe wasan da ya fi damunka, ka sauke girman hoto zuwa 720p, ka mai da duk saiti ƙasa. Idan firem, wato yawan hotunan da ke fitowa a daƙiƙa, ya tashi sosai, katin ne ke riƙe ka, sabo zai taimaka. Idan firem ya tsaya inda yake, ko tsinkewar ba ta ragu ba, furosesa ce ko RAM, kuma sabon kati ba zai cire maka ita ba. Manhajar MSI Afterburner tana nuna wannan a gefen allo: katin da ke aiki kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari shi ne ya gaji, wanda ke yawo a kashi 60 kuwa jiran furosesa yake yi.

i5-6500 da i5-7400 ƙwayoyi huɗu gare su, zare huɗu. Warzone da manyan wasannin buɗaɗɗiyar duniya na yanzu suna shaƙe su. Madabod ɗinsu kuma iyakarsa i7-7700K, wanda har yanzu 'yan kasuwa ke tsuga wa kuɗi. Mai Ryzen 5 1600 ko 2600 ya fi sa'a, domin ramin AM4 ya yi tsawon rai: da sabunta BIOS, yawancin madabod B350 da B450 suna karɓar Ryzen 5 5600 na 2022, kuma wannan canji kaɗai yana mai da injin wani abu daban. A lura dai, ko da 5600 a kai, B350 da B450 suna nan a PCIe 3.0. Haka nan wanda ke da RAM sanda ɗaya mai giga 8, ya fara ƙara ta biyu ya kai 16 kafin ya yi maganar kati. Kuɗin kaɗan ne idan aka kwatanta, bambancin kuma a ido ake ganinsa.

Nan ne katin Intel ke faɗuwa, abin takaici. Arc B580 na Disambar 2024, giga 12 a kan dala 249, a takarda shi ne amsar duk mai ƙaramin ƙarfi. Amma katunan Arc sun dogara da wata fasaha mai suna Resizable BAR, wadda Intel da kanta ta ce a haɗa ta da Core ƙarni na 10 zuwa sama ko Ryzen 3000 zuwa sama. Babu ita, gudun katin yana zubewa, tsinkewa ta yi yawa. Ko an kunna ta ma, masu gwaji sun nuna direban Arc yana ɗora wa furosesa nauyi fiye da na Nvidia da AMD, tsofaffin furosesa kuma su ne ke ji a jikinsu. Kati ne mai kyau ga sabon inji. Ga i5 ƙarni na 6 ko na 7, a bar shi.

RX 6600 da RTX 3060 mai giga 12

Waɗannan biyun su ne ainihin gardamar ga mai tsohuwar kwamfuta da monita 1080p, kuma dukansu 'yan 2021 ne, dukansu an fitar da su a kan dala 329. RTX 3060 ya zo a Fabrairu, RX 6600 a Oktoba. A kasuwar na hannu yanzu RX 6600 ya fi sauƙi, wani lokaci da tazara mai kyau.

A wasa zalla a 1080p sun yi kusa da juna, 3060 yana ɗan gaba kaɗan a yawancin wasanni. Wanda ya taso daga GTX 1060 zai ga kusan ninki biyu na firem da kowannensu, in furosesa ta bari. Bambancin yana wasu wurare.

RX 6600 wat 132 yake ci, waya ɗaya mai fil takwas, AMD ta ce fawa-fak mai wat 450 ta isa. Ya fi RX 580 mai cin wat 185 sanyi da tsimin wuta, ga shi ya fi shi ƙarfi nesa. Wanda ke da RX 580 a yanzu zai cire ya sa wannan ba tare da ya taɓa fawa-fak ba. Rauninsa: giga 8, layuka 8, kuma bin sawun haskensa na cika sharaɗi ne kawai. Ka tuna shi ne aka rubuta a matsayin mafi ƙaranci a waɗancan wasanni biyu, ma'ana yau yana bakin ƙofa, ba a tsakiyar ɗaki ba. Ba shi da DLSS, sai FSR, takwaransa na AMD, kuma FSR 2 da 3 a 1080p suna barin ɗan ƙyalli da dishi-dishi a gefen abubuwa masu motsi, musamman ciyawa da gashi da wayoyin lantarki.

RTX 3060 wat 170 yake ci, Nvidia ta ba da shawarar fawa-fak mai wat 550. Abin da ya sa nake ganin kamar don tsofaffin injuna aka yi shi: giga 12 da layuka 16 cikakku. Ma'adanarsa ba ta saurin cika a 1080p, in ma ta cika hanyarsa a buɗe take. Za ka iya ɗaga ingancin zanen jikin abubuwa, bango da tufafi da fuska, zuwa sama ba tare da tsinkewa ba, kuma wannan saitin shi ya fi kowane gyara kyan wasa ba tare da ya ci firem ba. Yana da DLSS, wanda ke zana hoto a ƙaramin girma ya ɗaga shi da tsabta fiye da FSR, har sabon samfurin da ya zo da DLSS 4 a 2025 yana aiki a kansa. Ga mai haɗa gem da aiki, tace bidiyon biki ko na TikTok a Premiere ko DaVinci Resolve, ko zane a Blender, CUDA da NVENC, fasahohin Nvidia masu saurin da irin wannan aiki, suna da amfani na gaske, giga 12 kuma a nan ma tana magana.

Tarko ɗaya: akwai RTX 3060 mai giga 8 da aka fitar a ƙarshen 2022. Ba ma'adana kawai aka rage masa ba, an tsuke hanyarta daga bit 192 zuwa 128, gudunsa ya ragu a fili. Kwalinsu kusan iri ɗaya. Ka karanta lambar da kyau.

To wanne? Idan wasanninka EA Sports FC ne, eFootball, GTA V, Fortnite, PUBG da Counter-Strike 2, furosesarka kuma i5 mai ƙwayoyi huɗu ce, RX 6600 ya ishe ka har ya yi yawa, rarar kuɗin ka sa a RAM da SSD. Mai gidan gem da zai sayi kati huɗu ko biyar ma lissafinsa nan zai kai shi. Idan kuwa kana bin manyan wasannin labari masu fitowa kowace shekara, ko kana aiki da injin, kuma tazarar farashin ba ta wuce misali ba, 3060 mai giga 12 zan ɗauka.

RTX 4060, da maganar wutar gida

RTX 4060 ya fito a Yunin 2023 a kan dala 299, ya sha suka saboda ya koma giga 8 da layuka 8 bayan yayansa yana da 12 da 16. Sukar tana kan hanya. Amma yana da abu ɗaya da masu gwaji a Amurka da Turai kan ambata su wuce, mu kuma a wurinmu babba ne: wat 115 kawai yake ci, ƙasa da GTX 1060 mai wat 120, alhali ya fi 3060 gudu da kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari muddin ma'adanarsa ba ta cika ba.

Kuɗin mita ba shi ne abin dubawa ba. Tazarar wat 100 ta awa huɗu kullum, a wata kilowat-awa 12 ne, ko a farashin wutar Band A na Najeriya da ya haura naira 200 tun Afrilun 2024 bai kai naira dubu uku ba. Inda abin ke tasiri shi ne inbata da sola. Batir 12V mai 200Ah a lissafi wat-awa 2,400 yake riƙewa, na ruwa kuma rabi ake so a sha don ya yi ƙarko, saura 1,200. Injin da ke jan wat 250 da monita zai yi kusan awa biyar a kai, wanda ke jan 370 bai fi uku da 'yan mintoci ba, kafin ma a cire asarar inbata da fankar ɗaki. Sannan duk wat da kati ya ci zafi yake komawa. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kati mai cin wat 115 da mai cin 230 ba ɗaya ba ne, ga katin da kuma mai zaune kusa da shi.

Yana da ƙirƙirar firem ta DLSS 3, wadda ke cusa firem na roba tsakanin na gaske. Wannan kan taimaka wa ido idan furosesa ce ke riƙe wasa, amma ba ya sa linzami ko hannun gem ya amsa da sauri, kuma yana ƙara cin VRAM, wadda dama ita ce ƙarancin katin. A wasan harbi na intanet ban ga amfaninsa ba. A PCIe 3.0, dokar zama lafiya da 4060 ita ce ka bar zanen jikin abubuwa a matsakaici ko sama kaɗan a sabbin wasanni, kada ka kai shi ƙarshe.

RX 7600 na Mayun 2023, dala 269, ƙarfinsa kusa da 4060 amma wat 165 yake ci, giga 8, layuka 8. Sai in an same shi da rahusa sosai.

Masu ƙarfi, da wanda zai bi ka sabon inji

RX 6700 XT na Maris 2021 yana da giga 12 da layuka 16, ya fi RX 6600 da RTX 3060 da RTX 4060 ƙarfi, yana ɗaukar 1440p. Kuɗinsa na ɓoye shi ne wat 230, wayoyi biyu, fawa-fak mai wat 650, da akwati mai tsawo da iska. A kan i5-7400 ɓarnar kuɗi ne, a kan Ryzen 5 5600 kuwa haɗi ne mai daɗi.

Wanda ya san cikin shekara ɗaya zai canza madabod da furosesa, lissafinsa daban. Windows 10 ta daina samun tallafi na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Core ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama, don haka masu i5-6500 da Ryzen 5 1600 dama canjin na tafe. Irin wannan mutum zai iya sayen katin gobe tun yau. RX 9060 XT mai giga 16, na Yunin 2025, dala 349, wat 160, shi ya fi dacewa da wannan tsari, musamman don layuka 16 gare shi, abin da ya yi wuya a ajinsa. Yana da FSR 4, wanda ya rage tazarar da ke tsakaninsa da DLSS sosai, ƙarfinsa kuma ya kusa ninka RX 6600. Tsohuwar furosesa za ta riƙe shi, amma ba zai lalace don jira ba. Ka tabbata dai injin yana tashi ta UEFI, sabon tsarin da ya gaji tsohon BIOS, domin AMD ta ce jerin RX 9000 ta nan kawai take tallafa masa. Abokin hamayyarsa RTX 5060 Ti mai giga 16 ya fito a 2025 a kan dala 429, layuka 8, amma da giga 16 ƙarancin layukan ba ya cika nunawa. Masu giga 8 na wannan ƙarni, RTX 5060 da ƙananan samfuran 5060 Ti da 9060 XT, guntun cikinsu ya fi ƙarfin ma'adanarsu, kuma na Nvidia a kan PCIe 3.0 sun fi kowa jin jiki idan ta cika.

GTX 1660 Super da RTX 2060 mai giga 6 suna nan da yawa a kasuwa. Daga 1050 Ti suna da ma'ana idan kuɗi ya yi ƙaranci ƙwarai. Daga 1060 tsalle ne gajere. RX 5700 XT yana da ƙarfi da araha, amma wat 225, babu bin sawun haske, kuma yana cikin katunan da masu haƙar kirifto, wato masu sa katuna aiki don samun kuɗin intanet, suka fi wahalarwa.

A gaban mai shago

Yawancin waɗannan katuna na hannu za a same su, ko a Farm Centre ta Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, ko wurin masu sayarwa ta intanet. Tun 15 ga Satumban 2022 da kirifton Ethereum ya daina amfani da haƙa, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, kuma RX 580, RX 5700 XT, RX 6600 da jerin RTX 30 suna ciki. Katin haƙa ba lallai ya zama matacce ba, amma fankarsa da man sanyayarsa sun sha wuya.

Ka je da filashi ɗauke da manhajojin gwajin kati, GPU-Z da FurMark ko Unigine Heaven. A sa katin a inji a gabanka. GPU-Z zai nuna sunan guntun ciki, yawan ma'adana da faɗin hanyarta, yana kuma yi wa wasu katunan jabu alama, irin waɗanda aka canza wa BIOS tsohon guntu ya riƙa amsa sunan sabo. A nan ne ake kama RX 580 2048SP, wanda aka yi don kasuwar Sin, a zahiri kuma ɗan uwan RX 570 ne. A bar gwajin ya yi minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ka sa ido kan allo ko za ka ga ɗige-ɗige masu launi, layuka ko ƙiftawa, waɗannan alamun ma'adana mai ciwo ne, kuma ba a gyara su da araha. Ka dubi zafin guntu da na wuri mafi zafi a cikinsa: tazara mai yawa tsakaninsu, kamar digiri 25 zuwa 30, tana nuna man ya bushe ko murfin bai zauna daidai ba. Ka kasa kunne ga fanka, ka juya ta da yatsa bayan an kashe, wadda ke girgiza ko ƙara ta kusa. Ka juya bayan katin ka duba tsatsa a kusoshi, da maiƙo a kewayen guntayen ma'adana, da wurin da allon ya canza launi don zafi. A gwada kowace kafar HDMI da DisplayPort, ba ɗaya kawai ba. Ka nemi garantin ko da mako ɗaya ne, a rubuce a rasit tare da lambar jikin katin.

Kafin ka fita daga gida ma ka auna tsawon wurin kati a akwatinka da abin awo, domin kejin hadis na tsofaffin akwatuna yakan tare katuna masu fanka uku. Ka kuma dubi monitarka. Tun jerin GTX 10 katuna suka daina fitar da siginar VGA, don haka tsohuwar monita mai shuɗin kai sai da na'urar juya HDMI zuwa VGA. Monita mai 60Hz kuma firem 60 take nunawa komai ƙarfin katin, wanda hakan kaɗai kan sa RX 6600 ya wadatar inda mutum ke hangen 6700 XT.

In ka dawo gida, ka share tsohon direba da manhajar DDU kafin ka sa sabon kati, musamman idan daga Nvidia za ka koma AMD ko akasin haka. Ka hure ƙurar hunturu daga fankoki da matatar akwati tunda ga shi a buɗe, ka sa injin a bayan sitabilaiza ko UPS idan wutar unguwarku mai hawa da sauka ce. Wayar monita a jikin katin ake sa ta, ba a kafar madabod ba. Tsohon GTX ɗin kuma kada ka yi saurin sayar da shi, ka ajiye har garantin sabon ya ƙare.